Gilasan da Na Wanke

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Isiyaku, wanda ɗaliban kimiyya na jami'ar garin nan suka fi sani da Oga Madubi. A shekarun baya, idan wannan wata ya kama, ba na wuce in dafa abinci in raba wa maƙwabta, mu zauna da 'yarmu Hafsa mu yi masa addu'a. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai wani abu da na riƙe tun ranar da aka fita da shi, sai 'yan watannin da suka wuce na iya sauke shi. Akwati ne na katako, bai fi faɗin tire ba. Ba nawa ba ne, ba ma nasa ba ne, amma na ƙi mayar da shi inda ya fito, kuma ba wanda ya san dalili sai ni.

Malam ba farfesa ba ne, ba kuma likita ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, shi ke riƙe da makullin ɗakin da aka ajiye manyan na'urori domin kowane sashe ya yi amfani da su: madubin likita, wanda ke nuna abin da ido ba ya gani a cikin ɗigon jini, da wani inji da suke kira injin awon haske.

Lokacin da muka haɗu, ni yarinya ce da ta gama sakandare, ina zaman shagon ɗinkin mahaifina a Titin Bauchi, kullum da littafin soyayya na haya a ƙarƙashin mayafi. A littattafan nan saurayi a mota yake zuwa, ƙanshin turarensa ya riga shi shigowa. Nawa a ƙafa ya zo, da farar rigar aiki a leda, wai a canza masa aljihu saboda rini ya ɓata shi. Ya kawo rigar nan sau huɗu, alhali aljihu uku gare ta.

Da magana ta fara ƙarfi aka tura goggona ta binciko sana'arsa. Ta dawo ta zauna, ta cire takalmi, ta ce da mahaifiyata, "An ce wuni yake a gaban madubi."

"Namiji?" in ji mahaifiyata.

"Namiji. Kuma na gan shi da idona, ban ga abin da yake kallo ba."

Ina bayan labule ina jin su. Raina bai ɓaci ba. Sai na shiga ƙiyasta wani dogon ɗaki mai madubai ta kowane gefe, shi a tsakiya da farar riga, irin wurin da ake kai amarya a babin ƙarshe.

Bayan aure ya kai ni ɗakin wata Asabar da rana. Ba madubi ko ɗaya a bango, sai tebura, da warin magani, da sanyin Jos da ya maƙale a siminti. Ya sa wani abu a ƙarƙashin na'urar, ya ce in leƙa. Na ga ƙananan zobba masu ruwan hoda da ɗigo-ɗigon shuɗi, kamar zanen atamfa. Na ce, "Kai, ya yi kyau." Ya ce, "Maleriya ce." Gaskiyar magana ban yi minti ɗaya ina kallo ba. Yatsunsa nake kallo a kan abin murɗawa, da yadda yake riƙe numfashi idan zai gyara hoton. Abin da ya ɗora a ƙarƙashin na'urar kuwa, ko kusa ban duba ba, ban kuma tambaya ba.

Injin awon hasken ne ya fi shiga raina. Ya ce ana haska fitila ta cikin ruwan da ake son ganewa, kowane abu yana da launin da yake shanyewa, sauran ya bari ya wuce, injin kuma ya auna abin da ya ragu. Na ce, "Ashe da abin da ya ɗauke ake gane shi." Na ciro biro zan rubuta a bayan littafina. Ya yi dariya ya ce, "Bilki, ba waƙa ba ce, awo ne."

Abin da Malam ya tsaya a kai duk rayuwarsa shi ne ɗakin nan na kowa ne. Akwai takarda a jikin ƙofa, duk mai buƙata ya rubuta sunansa da lokacin da yake so, farfesa da ɗalibi layi ɗaya. An taɓa yin wani babba da ya so a mayar da madubin ofishinsa, tun da ta hanyarsa aka samo shi. Malam ya je ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ofishinka ƙarfe huɗu ake rufe shi, kana kuma yawan tafiya. Jinin da ɗalibi ya ɗebo yau ba zai jira ka dawo daga Abuja ba." Sun yi wata biyu ba sa gaisawa sosai, amma madubin bai motsa ba. A shekarun da garin nan ya yi ciwo, mutane suka daina shiga unguwannin juna, takardar nan ba ta canza ba. Yakan ce mini yau Gyang ne da safe, sai Hauwa, sai Chinedu, kuma duk a kujera ɗaya suka zauna.

Abokiyar aikinsa ita ce Madam Nkechi. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Jos aka haife ta. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu, mun daɗe da daina gyara mata. Ita ce ta biyu a ɗakin a lokacinsa, ita kuma ke shugabantar wurin yanzu.

To, akwatin. A cikinsa akwai layi biyu na siraran gilasai, kowanne kamar tsawon yatsa, wanda Malam ya yi shekara wajen ashirin yana tarawa domin koyar da ɗalibai. Wasu daga asibiti, idan aka ci karo da cutar da ba a cika gani ba. Da yawa daga mayankar Abattoir. Yakan je da safe kafin aiki, mahauta su yi ta tsokanarsa, "Malam, kowa nama yake zuwa nema, kai jini kake roƙo." Wani dattijo a cikinsu, Alhaji Tanko, shi ke ware masa ramammun shanu, ya ce wannan da gani sammore ne ya kama ta, zo ka ɗiba kafin a yanka. A gefen kowane gilashi Malam ya karce bayani da wani alƙalami mai yanka gilashi.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya sa aka kawo masa akwatin gida, wai zai rubuta jerin abin da ke ciki tun da yana zaune ba aiki. Ya ajiye shi a saman kabad ya ce, "Na ɗaki ne, Bilki. In na ji sauƙi zan mayar." Ko shafi ɗaya bai samu ya rubuta ba.

Na fita takaba a tsakiyar damina. Wanda ya san unguwarmu Daɗin Kowa a wannan lokaci ya san yadda danshi ke shiga komai, takalmi ya yi fumfuna, gishiri ya zama ruwa. Na shiga fitar da kayansa ina shanyawa: huluna, darduma, fararen rigunan nan. Da na buɗe akwatin sai na ga gilasan sun dushe. Kowanne da wani shafe mai launin shuɗi-shuɗi a tsakiya, da maiƙo, ƙura ta manne, wasu har fumfuna ta fara hawa gefensu. Zuciyata ta yi zafi. Mutumin da ba ya barin tabo a ƙofar na'ura, a ce kayansa sun koma haka a hannuna?

Na ɗora ruwa, na zuba a roba da garin sabulu. Na jiƙa layi ɗaya. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina cuɗa su ɗaya bayan ɗaya da sabon soso, a hankali, kamar kofunan gara. Ina yi ina kuka, irin kukan da ke da daɗi, ina ji a raina wannan ita ce hidima ta ƙarshe da zan yi masa. Na jera su a kan tawul suna ƙyalli. Rubutunsa ya fito raɗau, ko ɗigo bai goge ba, na ji daɗi ƙwarai. Ni mai karatu ce, a wurina rubutun shi ne abin.

Sai na ɗaga ɗaya wajen haske domin in karanta. Ya rubuta: jinin saniya, sammore, daga wajen Alhaji Tanko. Na karanta sau biyu. Na tambayi kaina, to ina jinin? Na juya na kalli robar. Ruwan ya zama shuɗi.

Ban faɗa wa kowa ba, har Hafsa. Na mayar da su ramukansu, na rufe akwatin, na naɗe shi da zanen gado na tura can ƙarshen kabad. Rabin aikin shekara ashirin na zubar a magudanar gidanmu da hannuna.

Madam Nkechi ba ta taɓa yanke zumunci ba. Duk Sallah sai ta zo cin nama, duk Kirsimeti sai ta aiko da cincin da shinkafa. Kuma duk zuwa, idan ta tashi tafiya, a bakin ƙofa take cewa, "Maman Hafsa, wannan akwatin Oga fa, yaushe za ka ba ni?" Na ce makullin kabad ya ɓace. Na ce kaya sun danne shi. Wata shekara na ce zuciyata ba ta shirya ba, wannan ce ta fi aiki, don ta rungume ni ta ce in ɗauki lokacina. Ta ɗauka ƙauna ce ta hana ni. Na bar ta a haka, ni ma wani lokaci nakan yarda. Ya fi daɗi in zama matar da ta kasa rabuwa da kayan mijinta a kan in zama wadda ta lalata su. A littattafan da na tashi da su, irin ta farkon ce ake rubutawa.

A shekarun nan abubuwa sun canza a can. An mayar da ɗakin wani sabon gini mai faɗi, an ƙaro na'urori. Hafsa, wadda yanzu take karatun haɗa magunguna, tana ba ni labari. Ta ce akwai madubin da ke fitar da hoto a babban allo, aji guda su kalla tare. Ta ce injin awon haske na yanzu ɗigo ɗaya ya ishe shi, kafin ka gyara zama ya ba da amsa. Takardar ƙofa ta koma cikin waya. Ɗalibai daga wasu makarantu ma suna zuwa da nasu jinin a cikin kula.

Nakan zauna in yi tunanin me Malam zai ce. Na san zai zagaya allon nan sau uku hannu a baya, ba zai taɓa ba sai ya wanke hannu. Na san zai yi mita a kan masu kama lokaci a waya su ƙi zuwa, don a da idan mutum ya yi haka yakan bi shi har sashensu ya tambaye shi ko lafiya. Zai ce yaran yanzu suna yarda da inji fiye da idonsu. Amma zai dawo gida da yamma, ya zauna a kan darduma yana shan shayi, ya ce mini, "Bilki, yau wata yarinya daga Pankshin ta zo, ba ta san kowa ba, ta yi aikinta ta tafi." Zai faɗe shi kamar ba komai, amma ni na san muryarsa idan yana murna. Muryar nan nake kewa fiye da komai. Har yanzu idan ƙarfe biyar ta yi, na ji an taɓa ƙofar gida, sai na ɗaga kai.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce, Madam Nkechi ta zo, wannan karon ba ta jira bakin ƙofa ba. Ta ce suna ɗaukar hoton duk tsofaffin gilasai domin a adana, ɗalibin da ke ko'ina ya iya gani. Ta ce shekara mai zuwa za ta yi ritaya. "Idan na tafi, babu wanda ya san Oga a wurin nan. Za su ce wane ne Isiyaku? Ka ba ni in sa sunansa a kai kafin in tafi."

Na kwana uku ina juya maganar. Idan na ci gaba da ɓoyewa, rabin da ya tsira ma zai ruɓe a kabad ɗina, sunansa ya bi shi. Idan na bayar, matar da ta yi shekara tara tana tausaya mini za ta ga ko ni wace ce. Ranar Talata na ɗauki akwatin a cikin zanensa, na hau keke napep zuwa jami'ar, a Titin Bauchi.

Ta share tebur, ta sa safar hannu, ta buɗe. Ta fara da layin dama, tana ɗagawa tana murmushi, tana kiran sunayen cututtuka kamar tsofaffin ƙawaye. Sai ta zo layin hagu. Ta ɗaga na farko wajen taga. Ta ɗaga na biyu. Ta zaro biyar a jere.

Na ce, "Ni na wanke su. Da sabulu. Na ɗauka datti ne."

Ta zauna. Sannan ta ce, "Yaushe?"

"Shekarar da ya rasu."

"Shekara tara kana ba ni nama, kana kallon fuskata." Ba ta ɗaga murya ba. "Wankewar ba ta dame ni ba, Maman Hafsa, ko ɗalibanmu suna yin wadda ta fi wannan. Amma da ka faɗa lokacin, Alhaji Tanko yana da rai, ni ma ina tuna wasu. Da mun bi sawu."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba yau ba, in bari ta huce tukuna. Ta cire safar, ta sake sawa, ta kawo gilashi ɗaya kusa da idonta, ta yi tsaki.

"Kuma dubi abin da mutumin nan ya yi. Wannan Larabci ne?"

Na karɓa. Ajami ne. Malam da ajami yake rubuta abin da ya shafe shi, har jerin cefane, ban taɓa ɗaukar sa wani abu ba. A wurin aiki shi yake ciro gilashin da kansa ya faɗi abin da ke kai, ba wanda ya taɓa buƙatar karantawa. Na karanta mata. Ta jawo takarda ta rubuta. Ta miƙo wani. Muka yi ta yi har aka kira la'asar, ba ta kalle ni ba sau ɗaya, amma da na tashi ta ce, "Talata mai zuwa, ƙarfe goma. Kada ka makara."

Haka nake zuwa yanzu duk Talata. Rubutun Malam ya zama jerin aikin da za a yi. Ɗalibai suna zuwa Abattoir da safe, 'ya'yan mahautan da suka tsokane shi suna tsokanarsu, su dawo su shafa sabon jini a kan tsohon gilashi, daidai da abin da ya karce a gefe. Da yawa sun cika. Madam ta huce a mako na huɗu, na gane ne da ta turo mini rabin gasasshiyar masararta.

Amma akwai guda bakwai da ba za su cika ba. Na mutane ne da suka zo asibiti da cutar da Malam sau ɗaya ya gan ta a rayuwarsa, sun daɗe da warkewa ko da rasuwa. Waɗannan na hallaka su, babu kuma wanda zai ce mini ba komai in yarda. Madam ta ce ko zan tafi da su gida, tun da rubutunsa ne kawai ya rage. Na so ƙwarai. Na ce a'a, a bar su a ramukansu.

Sai ga shi ta samo musu aiki. Idan sababbin ɗalibai suka zo gwaji, takan saka ɗaya daga cikin bakwai ɗin a tsakanin sauran, ta ce kowa ya zana abin da ya gani. Wasu sukan zana ƙwayoyin cuta masu kyau, har da wutsiya, irin na littafi. A gabana wata yarinya ta yi kusan minti ashirin tana murɗawa, gumi a goshinta, daga ƙarshe ta ɗaga hannu kamar za ta yi kuka ta ce, "Madam, ni ban ga komai ba." Madam ta ce, "Rubuta haka. Kai kaɗai ka ci."

Idan aka tambaye ni me ya rage na Malam Isiyaku bayan shekara tara, ba zan ce suna ba, duk da yanzu an manna shi a jikin akwatin. Ba gini ya bari ba, bai rubuta littafi ba. Ya bar ɗaki da ba a tambayar mutum ɗan wane ne kafin ya zauna, da yara da ake koya musu su faɗi gaskiyar abin da idonsu ya gani, ko da babu ne. Ni da na kwana da shi shekara goma sha takwas, sai da na kai wannan shekarun na koya. Allah ya haskaka masa makwanci, ya yafe masa, ya yafe mini.

Makon jiya, bayan an tashi aji, na roƙi Madam ta sa mini ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ta sa, ta gyara mini kujera, ta koma ofis. Na leƙa. Haske ne kawai, fari, a zagaye, ba ɗigo ba tabo. Na daɗe ina kallo, har wata ɗaliba ta taɓa kafaɗata a hankali ta ce, "Mama, sannu, in kin gama ni ce."